Kilo Bakwai Zuwa Rabenna

Bolonya, Laraba.

Zuwa ga Ummina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da gwiwarsa mai ciwo. Ni da ƙawata Wi'am mun sauka lafiya da hantsi, sai godiyar Allah. Sau huɗu na kira ba ki ɗaga ba, shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar in tura wa Baba ya karanta miki, tunda idonki ba ya ganin rubutun waya. Baba, don Allah kar ka tsallake ko layi ɗaya.

Na san kin ga ƙunshi taran nan a bayan ƙofar ɗakina. Ba mantuwa ba ce. Ni na jera su, kowanne da sunan mai shi a sama, don ki ji sauƙin mayarwa.

Tun ranar da bizata ta fito kika kafa kujera a bakin ƙofa, duk matar da ta wuce sai ki ce, "Sirin za ta Italiya, in akwai saƙo a kawo." Ba ki tambaye ni ba. Kafin sati ya zagayo gidanmu ya koma gidan waya: man zaitun na ɗan wance a Modena, bargo na jikar wance a Milano, har da tukunyar kuskus, wai a can ba a samun mai kyau. Na ce miki tikitin araha na yanka, jakar goyo ɗaya ce, kilo bakwai, abin da ya ɗoru a kai kuɗinsa ya fi na kujerar. Kika ce, "To ki rage tsummokaranki mana! Wa zai kalle ki a can?"

Ummi, shekara biyu ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi don kwana biyar ɗin nan. Shekara uku ina karatun gyaran zanen tsakuwa, ina kankare ƙasa daga fuskokin da suka farfashe, malamai suna haska mana hoton zanen da ke garin Rabenna a bango suna cewa ga yadda abin yake in bai lalace ba. Ranar Asabar zan gan shi da idona. Saƙo tara gari tara ke nan, kowane gida kuma sai an ce zauna ki ci, dare ya yi ki kwana. Mun ga waɗanda suka yi sati a Turai suka dawo ba su ga komai ba sai kicin ɗin mutane.

Kar ki damu da yadda za mu rayu, ba ranar tafiya muka fafe gora ba. Wi'am ta shiga jirgi da riga uku da wando biyu a jikinta, tana gumi tana cewa, "Ke Sirin, in na faɗi kar ki ɗaga ni, ki mirgina ni kawai." Gorar ruwa muka riƙo babu komai, muna cikawa a famfon titi. Masaukin ɗalibai muka kama, ɗaki mai gado shida, kuma da ƙafa za mu je. Duk ƙofar da za mu shiga katin makaranta ne zai fara sallama don a rage mana kuɗi. Abinci kuwa, basisar da na zuba a ƙasan jaka, garin soyayyen sha'ir ɗin nan, ta ishe mu karin kumallo har Lahadi, a kwaɓa da ɗan ruwa a sha a tashi.

Ina ƙaunarki, amma ba zan ba da haƙuri a kan wannan ba. Ki gaida duk wanda bai yi fushi da ni ba, in akwai.

'Yarki,
Sirin

Bolonya, Juma'a.

Ummi,

Ina gaishe ki, ina fatan kin yi Juma'a lafiya. Jiya ban rubuta ba, don da na rubuta da Baba bai iya karanta miki ba.

Ina basisata?

Da muka isa masauki na zazzage jaka, sai ga ƙunshi a tsohon ɗankwali, an ɗaure shi tamau, ga takarda da rubutunki: na Nizar ɗan maƙwabciyarmu Inna Manjiya, a Parma, ga lambarsa. Wato ina wanka kika cire mini guzuri kika cusa wannan a madadinsa. Na yaba miki abu ɗaya, ko giram bai ƙaru ba. Wi'am ta kwanta a ƙasa tana dariya, ta ce, "Wallahi uwarki ta fi ma'aikatan filin jirgi iya awo!" Ni ban ga abin dariya ba. Na ji haushinki irin wanda ban taɓa ji ba.

Duk da haka ba mu mutu ba. Mun gano kasuwa tana karya farashin burodi da tumatir dab da tashi, nan muke jira mu da tsofaffin unguwar, har sun fara gaishe mu. Gahawa a tsaye muke sha, don a garin nan zama ma kuɗi ne. Jiya mun yini muna yawo a ƙarƙashin rumfunan titi, ba wanda ya ce mu biya ko sisi, ƙafafunmu ne kawai suka biya.

Ga inda maganar take. Parma tana yamma, Rabenna tana gabas. Asabar ɗaya gare ni, kuɗin jirgin ƙasa ɗaya gare ni. Na san abin da za ki ce: amana. Amana sai wadda mutum ya miƙa hannu ya karɓa, wannan kuwa jefo mini ita aka yi ta bayan katanga.

Amma na kira shi. Ya ce, "Wace Sirin? 'Yar gidan mai gyaran agogo? Ke da na bari da majina a hanci, har kin isa yawon duniya?" Na ce na isa, ga saƙon mahaifiyarsa. Ya ce, "Me ke ciki? In makarud ne, cincin dabinon nan nata, ku cinye, ƙanwata, akwai shagon mutanenmu a ƙasan gidana. Ki ce mata kin ba ni, na gode." Wi'am da ta kasa kunne har ta kai hannu kan ƙullin, ta ce, "Mai abu ya ce a ci, me muke jira?" Na buge hannun.

Abin da ya hana ni, na tuna ranar da Inna Manjiya ta tare ni a matakala, ta riƙe mini haɓar riga ta ce, "'Yar nan, in kin gan shi ki dube shi da kyau. Shekara biyar, a waya fuskarsa kawai nake gani." A lokacin sauri nake, na ce to. Sai yau na gane ba don makarud take aike ba, so take wani ya ga ɗanta ya dawo ya gaya mata.

Na sake kiran shi. Na ce, "Yaya Nizar, gobe ina Rabenna tun safe har jirgin ƙarfe shida. Zuwa da kai ya fi saƙo. In ba ka zo ba zan mayar mata da ƙunshinta, in ce ɗanta ya ce a cinye." Ya ce ba ni da kunya. Na ce daga gida na taho da rashinta, ba ta da nauyi a sikeli.

Rabenna zan je, Ummi. Ki gaya wa unguwa duk abin da kika ga dama.

Taki,
Sirin

A jirgin ƙasa, Asabar da yamma.

Ummina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun, jirgi ne ke girgiza.

Na gani. Wani ɗan ɗaki ne wanda bai fi falonmu ba, ana shiga kaɗan-kaɗan, 'yan mintoci a ce ku fito. Rufin shuɗi ne mai duhu, cike da taurarin zinariya. Abin da hoto bai taɓa gaya mini ba shi ne ba a kwantar da tsakuwar daidai ba, kowace an ɗan karkata ta, shi ya sa in kika motsa kanki sai rufin ya motsa tare da ke. Wani ne ya zauna da yatsunsa ya danna su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau suna inda ya bar su. Na yi kuka. Wi'am ta ce, "A kan tsakuwa?" Amma ita ma mai gadi ne ya fito da ita. Ko da gobe duk matan garinmu Safakis za su daina amsa gaisuwata, ban yi da-na-sani ba.

Nizar ya zo saura minti ashirin jirginmu ya tashi. Ya rame kaɗan, ya fara furfura, yana ta zolaya, hannunsa na hagu a aljihu. Na miƙa masa ƙunshin ya karɓa da dama. Na ce ya buɗe a gabana don in san abin da zan faɗa. Ya ɗora shi a benci yana kokawa da ƙullin da hannu ɗaya, har ya sa haƙori. Kin san ɗaurin Inna Manjiya. Na ce, "Fito da ɗaya hannun mana, ko haya ka ba da shi?"

Ya fito da shi. Yatsu biyu babu, Ummi. Injin yankan kwali ne a wurin aikinsa, bara da sanyi. Shi ya sa tun daga nan ya daina maganar zuwa gida, shi ya sa fuska kawai yake nuna mata.

Ni na kwance masa. Makarud ne, kamar yadda ya ce. A ƙarƙashinsa kuma safar hannu ce ta ulu mai ruwan toka, wadda ta saƙa da kanta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zura ta hagun. Yatsu biyu na safar suka sauko suna reto. Wi'am ta juya baya tana karanta allon jirage da ba ta jin yarensa.

Ya ce, "Ƙanwata, don girman Allah ki ce kin same ni lafiya lau. Hawan jini gare ta." Na ji tausayinsa har cikin raina. Amma na ce masa, "Saƙon mahaifiyarka ba da son raina na ɗauko ba, ƙaryarka kuwa ba zan ɗauka ba ko da son raina. Gobe da la'asar jirgina zai sauka. Kafin nan ka kira ta, ka ɗaga hannun ta gani, ta ji daga bakinka kana raye kana dariya." Ya tsaya riƙe da ɗankwalin uwarsa har jirgi ya ja.

Baba, ka karanta wannan a hankali. Ummi, ki kame bakinki har in iso, kar ki je, kar ki aika. Mai yiwuwa ya kira. In bai kira ba, gobe da magariba Inna Manjiya za ta ji ƙarar tasi ta fito da takalmi ɗaya, ta tambaye ni yadda na ga ɗanta. Ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba zan faɗa ni kaɗai ba. Ke kika karɓi saƙon nan. Ki ajiye mayafinki kusa, tare za mu shiga, ke za ki riƙe mata hannu.

'Yarki mai taurin kai,
Sirin