Man da Ya Zo da Warin Akuya

Darul Baida, farkon hunturu

Zuwa ga Yayata Ijja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida ɗanki Bihi da matarsa Zaina, wadda na san ita za ta karanta miki wannan. Allah ya sa kuna lafiya. Ni ina nan yadda kika sani: teburina a bakin kotu, ina rubuta wa jahilai ƙorafi zuwa ga waɗanda suka fi su jahilci amma suka sami ofis. Karatun da na yi a Fas iyakar inda ya kawo ni ke nan.

Abella direba ya kawo mini kwalbar man itacen argan ta bana. Na gode. Amma Yaya, da na cire murfin, akuya ce ta fara gaishe ni.

Kada ki ce hancina ne. Ɗaki ɗaya muka tashi ni da ke. Inna ba ta taɓa yarda ƙwallon da akuya ta haɗiye ta tofar ya shiga man shafawa ba. 'Ya'yan da suka faɗo gindin itace ake tsinta, a shanya, a ɓare, a fasa ƙwallon da dutse, a niƙa ƙwayar ɗanya ba tare da ta ga wuta ba. Wannan shi ne na jiki. Ƙwallon makwancin awaki kuwa na wanda ba shi da itace ne, mai bin bayan dabbobin mutane yana tonon kashi.

Tun rasuwar Inna kike aiko mini da man nan kowace shekara, bai taɓa wari ba. Da shi nake lallaɓa ƙwaurina da gwiwar hannuna in sanyi ya sa suna saɓa kamar bayan kifi. Da shi nake narka kakin zuma in cusa a fason ƙafa. Shi ya raba ni da amosanin ka bayan likitocin nan sun gama cika mini aljihu da takardu. Na san man nan fiye da yadda na san maƙwabtana.

Saboda haka tambaya ɗaya ce. Ina itatuwan Inna da ke kan tudu? Rabinsu nawa ne, ko da yake ban taɓa tsintar ko ɗaya ba tun da na baro Anzur. Macen da ke da itace ba ta tonon makwancin awaki. Kullum a teburin nan sai na ga tsohuwar da ɗanta ya sayar da ƙasar da take tsaye a kai, ita ce ta ƙarshen ji.

Ban shafa ba. Kwalbar tana kan taga.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Mbarak

*

Anzur, bayan kasuwar Laraba

Zuwa ga Si Mbarak,

Wa alaikumus salam. Kawu, ni ce Zaina nake rubutawa. Muna lafiya, Bihi yana gaishe ka. Lalla Ijja ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in sa wa maganarta zuma. Ga ta:

Kai, mai kan littafi. Na ji takardarka. Tun kana yaro kake shinshina abinci kafin ka ci, kamar wanda ake shirin kashewa, ashe har yau ba ka daina ba. Wa zai kashe ka? Me za a gada, kujerar?

Itatuwan Inna suna nan inda ka bar su. Ba su da ƙafa, ba su bi ka birni ba. Ka ce rabinsu naka ne. To wane rabin, na sama ko na ƙasa? Zo ka nuna mini, in kana iya gane hanyar tudun.

Na rantse da Wanda ya halicce ni, man nan daga itatuwan Inna ya fito, kuma hannuna ne ya tsinta, ya fasa, ya niƙa, ya matse. Ba wanda ya taɓa mini. In kana jin akuya, ka duba gemunka, wataƙila daga nan take tasowa. Ka zuba ɗan ganyen na'ana'a busasshe a ciki, ka ajiye a rana, ka shafa abinka ka bar mutane su huta. Ƙwaurin nan naka ba zai jira ka gama shari'a ba.

Kuma ka riƙa cin abinci. Abella ya ce ka koma kamar sandar makiyayi.

Iyakar abin da ta ce ke nan, Kawu. An yi ruwa kaɗan, bai jiƙa ƙasa ba. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka, Zaina

*

Darul Baida, tsakiyar hunturu

Zuwa ga Zaina,

Bayan gaisuwa. Wannan taki ce, ke da mijinki. Ba sai kin karanta wa Yaya ba.

Zagin da ke cikin takardar nata ne, na shaida shi. Amma sana'ata ke nan, 'yata. Na san yadda mai alƙalami ke barin zagi ya cire gaskiya, don mai karatu ya ji muryar ya saki jiki. Ban san abin da ta faɗa wanda bai hau takarda ba. Ban ma san ko duka tawa kika karanta mata ba.

Na je tasha na sami Abella yana shan shayi. Na ce, «Abella, ranar da aka buɗe daji bana, ka ga Yayata a kan tudu?»

Ya ce, «Si Mbarak, ni mota nake tuƙawa, ba gadin tsofaffi nake yi ba.»

Na ce, «Kai da ka san abin da ke tukunyar kowa daga nan har Tiznit?»

Ya yi dariya, ya ce, «To, matata ta ce ba ta fito ba. Wai gwiwa.»

Gwiwa! Matar da tun tana budurwa, in aka rufe daji don 'ya'yan itace su nuna, take kwana da kwandonta a gefe tana jiran mai shela ya ce an buɗe. Ta taɓa hawa tudun nan da cikin Bihi ya tsufa. Ita ce gwiwa ta hana?

Na sayo masa wani shayin, bakinsa ya ƙara buɗewa. Ya ce da kaka ya gan ta a Tiznit, Bihi yana riƙe da hannunta, yana jan ta cikin wani gini mai bene. Ya ɗaga mata hannu ya ce, «Lalla Ijja, yau a birni?» Ta juyo, ta dube shi, ta wuce kamar ba ta san shi ba. Ya ce, «Na ji haushi, wallahi. Ni da nake ɗaukar mata kwalba kyauta.» Sannan ranar da ta miƙa masa kwalbar bana, ya ga babban yatsanta baƙi ƙirin.

Zaina, ni ake ɓoye wa baƙin yatsa? Shekarun da na yi ina kallon tsofaffi suna fitowa daga ofis suna goge tawada a gefen mayafi, kansu a ƙasa, ba sa son a gaishe su? An kai ta birni, an dangwala mata yatsa, ta ji kunyar haɗa ido da ɗan garinsu. Ba ta hau tudu ba domin tudun ya zama na wani. Ta koma makwancin awaki domin kada in gane. Wa ya saya? Masu injin nan da kike wa aiki, ƙungiyar matan da ke ɗura man a 'yan kwalabe masu zane suna sayar wa baƙi? Ko masu gawayi?

Ki gaya wa Bihi, na riga na rubuta ƙarar. Ban taɓa rubuta mai kyanta ba, don wannan karon tawa ce. Ɗan 'yar'uwata ne, amma zan tsaya gaban alƙali in kira sunansa da na ubansa. In Abella ya dawo ba da amsar da ta gamsar da ni ba, zan shigar.

Wassalam.
Mbarak

*

Anzur, ranar Juma'a

Zuwa ga Kawu Mbarak,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wannan ba wanda ya faɗa mini, ni na rubuta. Bihi ya karanta taka, ya ninke, ya fita, bai ci abincin rana ba. Lalla ta sa ni na yi mata alkawarin ba zan faɗa maka ba. Yau zan karya, Allah ya yafe mini, don ba zan zauna a kai mijina kotu a kan abin da bai yi ba.

Kawu, Lalla ba ta gani.

Tun bara abin ya fara. Ta zuba gishiri a shayi ta ce mu muka sauya gwangwani. Ginin da Abella ya gani na likitan ido ne. Likitan ya ce na hagu ya tafi, na dama kuwa yanar ido ce, ana iya cirewa a babban asibiti irin na wajenku. Ta ce ba za ta je ba, wai ba za ta sauka gidanka ana jan ta kamar tunkiya ba. Ba ƙin gaida Abella ta yi ba. Ta ji murya, ta juya, ba ta san ta ina yake ba.

Itatuwa suna nan, ba a taɓa ko reshe ba. Ni da Bihi muka tsinta bana. Na kawo mata buhu guda mai tsabta har gabanta na ce, «Lalla, ga na Kawu.» Ta shafa buhun ta ce, «Ɗauke. Yaushe na zama wadda ake tsintar wa?» Na ce to bari in kai wurin aikinmu inji ya matse, Kawu ba zai gane ba. Ta ce, «Wannan? Zai gane ko a mafarki. Ba ke kika karanta mini ba, shekarar da kuka kawo injin, ya ce in ba hannuna ba ne daga tsinta har matsa, kada a wahalar da Abella?» Haka ka rubuta, Kawu. Ni na karanta da bakina.

Da aka gama tsinta aka saki awaki a tudu, suka hau itatuwan suka cinye abin da ya rage a sama. Da yamma su dawo gida su kwanta suna tuƙa suna tofar da ƙwallo. Sai ta riƙa bin bango har makwancinsu, ta zauna a ƙasa, tana lalube da hannu. Na ce, «Lalla, mutane za su gani.» Ta ce, «Su gani, ai su ke da ido. Ni ban iya hawa ba, na aiki awaki. Itacen Inna suka ci ko na ubanki?» Shi ya sa ta rantse maka, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ta wanke ƙwallon ta sake wankewa har hannunta ya yi fari. Ta san akwai sauran wari. Ta ce hayaƙin motoci ya kashe maka hanci, ba za ka ji ba.

Yatsan kuma ba tawada ba ce. Ka san yadda ake riƙe ƙwallo da yatsu a kan dutse a buga da ɗaya dutsen. Da ido ma akan kuskure. Farcen ya mutu, ya faɗi makon jiya. In ta bugi kanta ba ta ko cewa wash, don kada in ji in ƙwace dutsen.

Na tambaye ta me ya sa ba za ta bari ba. Ta ce, «Ke yarinya ce. Sau nawa yake rubuto mana a shekara?» Na ce sau ɗaya. Ta ce, «Yaushe?» Na ce in kwalba ta je masa. Ta ce, «To. In kwalba ta daina tafiya, me zai dawo?»

Bana ka rubuto sau biyu. Ta san ta biyun ta zo, don ta ji muryar Abella a ƙofa. Na ce mata gaisuwa ce kawai. Ta yi ta murna, ta ce wari ya yi rana.

Ga wata kwalba nan na haɗo, ta inji ce, daga itatuwanku, ba ta warin komai. In ka ga dama ka shafa. In ka ga dama ka shigar da ƙarar, amma ka zo ka dubi tudun tukuna.

Allah ya ba ka haƙuri da mu.
Zaina

*

Darul Baida, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Ijja,

Assalamu alaikum. Zaina, ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki gyara ko harafi. Zan tambaye ta in na zo.

Yaya, ban yarda da kowa a gidan nan ba, har ke. Ina tafe a motar Abella ta ranar Alhamis. Zan hau tudu in duba itatuwan da idona, sannan in ga yatsan. Ki haɗa kayanki, tare za mu dawo. Akwai wani likita da na taɓa rubuta ƙorafi a kansa, ya fi sauran iya aiki. In ba kya so a ja ki, ki riƙe ni ke ki ja, dama kin saba.

Ƙarar tana aljihuna. Ki ce wa Bihi ya ci abincinsa, da ita zan naɗe masa sukarin tsaraba.

Kwalbar inji na mayar, ban buɗe ba. Taki na shafa da safen nan, ƙwauri da gemu. Mai teburin da ke kusa da nawa ya ja kujerarsa can gefe, ya ce wa ya shigo da bunsuru kotu.

Buhun da kika ƙi, kada a kai wa inji. A ajiye mini shi, da duwatsun Inna guda biyu. Ke ki zauna ki yi zagin, ni in fasa. Matan Anzur su zo su yi dariya, ba a kansu aka fara ba.

Sai na iso.
Ƙanenki, Mbarak