Tayoyin da Cindo Ya Mayar Kano

Maigatari,
12 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga Bappa Sajo, a gareji, Fagge, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Inna Kande da yara. Mu nan sai godiyar Allah.

Bappa, rijiyar rugarmu ta ƙafe ƙaf. Da guga yana dawowa da laka, yanzu lakar ma ta daina zuwa. Maƙwabta duk sun kaɗa dabbobinsu sun yi kudu ta Ɗanzomo. Yayarka Goggo Yelwa ta ce ba inda za ta. Na san za ka ce taurin kanta ne na kullum, amma wannan karon tana da gaskiya. Shanun da suka rage mata sun rame har daga nesa kana ganin haƙarƙarinsu. In aka kora su hanya, ungulu ne za su ci riba.

Tunda su ba za su iya zuwa wurin ruwa ba, ni zan kai musu. Akwai rijiyar burtsatse a Sule Tankarkar, ga kuma tsohuwar Landirobata da nake lodin 'yan kasuwa da ita. Matsalar ita ce Tudun Kanya, wannan rairayin da ke tsakanin gari da ruga, inda cikin mota yake kwanciya a ƙasa. Na kai ta Gumel wurin Ubale makanike, ya ƙara mata ganyen sifirin, ta tashi sama kamar taƙi guda. Yanzu tayoyinta sun zama abin dariya a ƙarƙashinta.

Abin da nake roƙo, ka nemo mini taya huɗu masu lamba ɗari tara, masu faɗi, tsofaffi waɗanda haƙoransu suka cinye. Kada ka ce na haukace. Mai haƙori tona rairayi take yi, ita kuwa mai sulɓi in na rage mata iska sai ta baje ta bi ta kai.

Ka gai da mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Ɗanka,
Cindo.

*

Fagge, Kano,
20 ga Fabrairu, 1974.

Zuwa ga ɗana Cindo.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta iso, na karanta, na kuma sake karantawa. Allah ya kawo mana sauƙin wannan fari, amin.

Na ja babbar motar gyaɗa tun ba a haife ka ba, saboda haka ka saurara. Motar da aka ɗaga, aka sa mata taya da ta fi ƙarfinta, aka kuma ɗora mata duro cike da ruwa, abu biyu ne ke jiranta. Ko ta kife a gefen tudu, ko shaf ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya taya, ya karye. Wanda ya ƙera ta ba wawa ba ne da ya ce ɗari bakwai da hamsin. Kuma ban san me Ubale ya sha ba da ya biye maka.

Ba zan shiga kasuwa da furfurata ina neman tsohuwar taya kamar mai yin takalma ba. Na ba Ɗanjuma direba sababbi huɗu ful, ɗari bakwai da hamsin, masu haƙora, ya sauke maka a Gumel. Kyauta ce daga gare ni, ba sayarwa ba. Ka ɗaura su, ka kai shanun da za su iya tsayuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis tun da sauran numfashinsu, ka ɗauko Adda Yelwa ka kawo ta Kano. Na sa an share mata ɗaki. Ba a jayayya da fari, ɗana.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Bappanka,
Sajo.

*

Maigatari,
4 ga Maris, 1974.

Bappa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ka kai ƙarshen takardar nan, don na san ba za ta yi maka daɗi ba.

Tayoyinka sun iso, kyawawa ne, har mutane suka taru suna shafawa. Saboda girmanka na ɗaura su, na yi lodin ruwa, na nufi ruga. Ko rabin Tudun Kanya ban kai ba suka shiga aikinsu. Ina taka mai suna tona, ina takawa suna tona, har mota ta zauna daram a kan cikinta. Tun hantsi nake haƙa da hannu ina cusa kara, sai bayan la'asar na fita, shi ma sai da na tuntsurar da duro biyu a ƙasa. Ina kallo rairayi ya shanye ruwan. Da na isa ruga na tarar Wule ta kwanta, wannan farar saniyar da nononta ya raine ni. Ta sa baki a ƙwarya ta kasa haɗiyewa. Goggo ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Na gaya mata maganar ɗakin da aka share. Ta ce in ce maka ta gode, a zuba buhuna a ciki.

Washegari na tsallaka iyaka. Wani Badamagare ya nuna mini mataccen kamiyo, wato babbar motar kaya, na zamanin Faransa a bayan gidansa, da irin tayoyin da nake nema, sun yi sumul. Na kwaso su. Ubale ya yanke bakin madigadi don kada su riƙa guga, yana yi yana tsaki, yana cewa shi dai ba ruwansa. Yanzu in za ka hau sai ka kama ƙofa ka yi tsalle. 'Yan tasha sun sa mata suna Raƙuma, suna tambayata ko da tsani ake sayar da ita. Su yi ta yi. Na rage iska, na sa babbar giya, ta haye tudun nan ko tari ba ta yi ba.

Naka kuwa na wanke su na ba Ɗanjuma ya mayar maka. Na san ba a mayar wa uba kyautarsa. Ubale ya ce in ɓoye su a ɗaki in rubuto maka cewa suna aiki lafiya. Na ƙi. Ba don tudu ka aiko su ba, Bappa, don hanyar Kano ka aiko su, ni kuma ba hanyar Kano zan bi ba. Ba zan ajiye su suna kallona kullum suna jiran ranar da zan gaji ba.

Ka huta lafiya.

Cindo.

*

Fagge, Kano,
11 ga Maris, 1974.

Cindo,

Bayan sallama. Ɗanjuma ya sauke tayoyin a ƙofar gareji da rana tsaka, a gaban abokaina da yaran da nake koya wa aiki. Aka tambaye ni na wane ne, na juya na shige ciki. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da duk zafin zuciyarsa bai taɓa yi mini haka ba.

Na yi baƙin cikin Wule. Amma maganata tana nan, shaf zai karye. Ranar da ya karye kada ka neme ni, ka nemi Badamagaren.

Ba sai ka ba da amsa ba. Wassalam.

Sajo.

*

Sule Tankarkar,
9 ga Afrilu, 1974.

Bappa,

Salamu alaikum. Ka ce kada in ba da amsa, to wannan ba amsa ba ce, labari ne.

Shaf ya karye. Gara ka ji daga bakina, kada ka ji a tasha an ƙara masa gishiri. Shekaranjiya ne, a ƙwanƙolin tudu, na ji ƙas, sai mota ta tsaya tana gurnani ba ta motsi. Laifina ne, na ƙara duro da buhun angurya a kan abin da na saba ɗauka, don zafin bazarar nan ya sa ruwa ba ya isa. Ka faɗa, ya kuma faru.

Amma ka sani, tun daga ranar da na ɗaura manyan tayoyin nan ko maraƙi bai sake faɗuwa ba. Har da wadda ta haihu, ɗan yana tsalle. Da na bi taka, da yanzu ƙiragan shanun nan suna shanye a bayan mahauta. Saboda haka in aka mayar da ni baya, abin da na yi shi zan sake.

Ubale ya zaga Gumel kaf bai sami irin ƙarfen ba, ya ce sai Kano. Ban ce ka nemo ba. Na ari jakuna biyu, ina kai abin da ya samu a salka, ina tafe ina zaginsu. Ruwan ba ya kai ko'ina, kuma na fara ganin idanun shanun suna komawa irin na Wule. Tsoro nake ji, Bappa, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ko a ka zan riƙa ɗauka, shanun nan ba za su ga kasuwa ba.

A gai da Inna Kande.

Cindo.

*

Ruga,
10 ga Afrilu, 1974.

Daga Yelwa zuwa ga ƙanena Sajo. Malam Ilu na makarantar Sule Tankarkar ne yake rubutawa, na ce masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Ina gaishe ka da iyalinka. Bayan haka, an ce kana fushi don an kunyata ka a ƙofar gareji. To sannu. Yaron ya yi rashin kunya, na kuma faɗa masa, har na ɗaga masa sanda. Halin gidanmu ya gado, wa zai ɗauko in ba ku ba?

Ni ban san taya ba, babba ko ƙarama. Na dai san wadda ta iso da ruwa.

Ka ce a kai shanu kasuwa. Ka san na wa kake cewa a sayar? Ranar sunanka Baffa, mahaifinmu, ya kama karsana ja ya ce taka ce, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa. Ka tafi birni kana saurayi, ba ka sake tambayarta ba, ni ma ban tuna maka ba. Ban taɓa sayar da ko ɗaya daga cikin zuriyarta ba, ko a shekarar da muka ci ganye. Fari ya kwashe su, saura guda, ita ce ta haihu kwanan nan. Ba ni da ikon sayar da ita. In kana so a yanka ta ko a kai ta Maigatari, zo ka kama igiyarta da hannunka, ka dube ta, ka ja. Ni ba zan yi maka wannan aikin ba.

Kano kuwa ba zan zo ba, ka daina ɓata tsintsiya. Ba roƙonka nake ba, ni ce babba.

Allah ya sada mu da alheri.

Yelwa.

*

Fagge, Kano,
15 ga Afrilu, 1974.

Cindo,

Bayan sallama. Na sami shaf biyu. Ba zan ba Ɗanjuma ba, ni zan taho da su ranar Laraba, kuma ni zan ɗaura, don ban yarda da hannun Ubale ba. Ka jira ni a tashar Gumel.

Har gobe ina cewa tayoyin nan sun fi ƙarfin motar. Ka bar su a kai. Lodin ne za mu rage, mu ƙara sawu, ni da kai muna karɓa-karɓa. Maganar abin da ka yi mini tana nan, za mu yi ta bayan ruwan sama ya sauka.

Kafin in iso, in ruwan jakuna bai isa kowa ba, a fara ba na Adda. Tawa ta jira ni.

Bappanka,
Sajo.