Ɗigo Uku a Gindin Famfo

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda na saba, ko da yake shekara shida ke nan ba kya amsawa. Allah ya ƙara haske a makwancinki.

"Ke matsalarki, Hajiya Rabi, kin cika leƙa gindin abu." Haka Daraktan ofishinmu ya ce mini ɗazu, yana turo mini takarda da ɗan yatsa. Saura kaɗan in ce masa uwata ce ta koya mini.

Kin tuna kwanukanki a gidanmu na Yako? Duk bikin da za a yi a unguwa sai an aro su, kuma ko ɗaya bai taɓa ɓata ba, domin kowanne da ɗigon jan fenti uku a gindinsa. Kikan kifa kwano a tsakar gidan mutane ki duba, ni ina gefe kamar ƙasa ta tsage in shige. Kikan ce, "Rabi, ba zargi ba ne, dubawa ce."

Kin sayar da awakinki na yi jami'a. Yanzu ina kwamitin da ke duba kayan da ƙaramar hukuma ta saya. Aikina in je in gani da idona, in sa hannu.

Bana aka ba da kwangilar famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka biyar. Inna, da kin ga takardun, da kin yi alfahari da mu. An yi sanarwa, an buɗe akwatin 'yan kwangila a gaban jama'a, an yi addu'a, an raba lemo. Babu abin da doka ta ce da ba mu yi ba.

Muka fara zagaye, ƙauye ɗaya kowane mako. A na farko ga famfo sabo fil, ga ruwa, aka ɗauki hoto. A na biyu, kusa da wata ruga, wata tsohuwa mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta dube ni. "'Yar nan, ku ne masu kawo famfo ziyara? Ƙanwata tana can inda kuka fara zuwa. Ta ce nasu kwana biyu ya yi ya koma." Kowa ya yi dariya, har ɗan kwangilar.

Ana jera mutane don hoto, na durƙusa kamar ina gyara takalmi. Akwai jan farce a jakata. Na ɗiga uku a ƙarƙashin bakin famfon.

A ƙauye na uku na leƙa, ga su nan. Na huɗu ma haka, na biyar ma haka. Famfon nan ya fi ni sanin hanyoyin ƙasar nan, Inna, kuma shi a mota ake kai shi, ni a kan acaɓa.

Na so in ji haushi, amma gajiya kawai na ji.

Na faɗa wa Darakta abin da na gani. Mutum ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba. Ya ce sauran famfuna huɗun suna hanya. Ya ce in sa hannu yau, in kuwa hannuna na ciwo, akwai wata kujera babu kowa can wajen Riruwai, kuma an ce iskar wurin tana da daɗi. Ya san jikokinki a Kiru suke makaranta. Ya san in na tafi, sai ƙarshen mako zan riƙa ganinsu.

Na ɗauki biro. A inda aka bar wa sunana fili na rubuta, "Na ga famfo ɗaya, sau huɗu." Na ƙauyen farko ban yi masa alama ba, don haka ban yi masa ƙazafi ba.

Ban ce wannan zai kai wa tsohuwar nan ruwa ba. Wataƙila gobe wani ya sa hannu a sabuwar takarda. Amma na kasa, Inna. Duk sanda na kai biro sai in gan ki tsugune kina kifa kwano.

Allah ya jiƙan ki, ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ya shayar da mutanen ƙauyukan nan tun a nan duniya. Ni kuma ya ba ni ƙarfin hanya.

Zuwa Riruwai ɗin ya tabbata, na kwashe 'yan kayana. Kofin shayina ma na kifa shi na duba, nawa ne. Masinja yana tsaye da makulli yana jira, bari in ja masa ƙofar in tafi, kar motar Kiru ta cika.

'Yarki,
Rabi