Na zuba wa Abuya gishiri a farin kofin Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana, don Hausawan Makka kowa ya san kowa, ko a haka ma wasu za su gane ni kafin su kai ƙarshe. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta duka kafin ku fara zagina.

Ni haifaffen unguwar Misfala ne a nan Makka, kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Sana'ar gidanmu subiya. Ga waɗanda ke gida ba su san ta ba, abin sha ne kamar kunun zaƙi, sai dai da sha'ir da busasshen burodi ake yi, a jiƙa, a zuba kirfa da hel, ƙwayar nan mai ƙamshi da ake sa wa gahawa, a rufe a bar shi ya ɗan yi tsami, sannan a tace a sa sukari a ɗaure a leda. Duk aikin yana wurin sanin lokacin buɗewa. Ka yi gaggawa, ka sayar wa mutane ruwan burodi. Ka yi jinkiri cikin zafin garin nan, ta wuce gona da iri, ta fara kumfa tana neman zama abin da ba a ko ambaton sunansa a gari mai alfarma. Tun da na yi wayo, ba a ɗaure leda ko ɗaya a shagonmu sai mahaifina, Abuya, ya kurɓa ya ce "ta yi." Da harshensa yake alfahari, kullum faɗi yake ko an rufe masa ido zai gaya maka daga wace tukunya aka ɗebo.

Mahaifiyarmu, Ummi, ta rasu bara waccan, Allah Ya jiƙanta. Daga nan subiyarmu ta lalace. Yau salam kamar ruwan wanke shinkafa, gobe tsami har ya kama maka muƙamuƙi. Wani kwastoma ya dawo mana da leda ta kumbura kamar cikin akuya, ya ajiye a kan tebur ya tafi. Wanda ya fi ƙona min rai wani ɗalibi ne ɗan Sakkwato, mai ladabi ƙwarai, ya ja ni gefe yana sunkuyar da kai, wai don Allah yana so ya sani ko ta halatta a sha. A shagon da kakana ya buɗe! Ranar ko abinci ban iya ci ba. Na yi wa Abuya magana mu biyu, ya ce sha'ir ɗin bana ne ba shi da kyau. Na sake, ya ce firji ne. A ta uku ya ce min yaushe aka haife ni da zan koya masa subiya, in je in ci gaba da ɗaurin ledata.

To sai na ce bari in ga abin da wasu ke yi. Ni da ɗan baffana, zan kira shi Nura, muka shiga zagayen gari bayan la'asar, muna saye muna sha. Wallahi duniya ta wuce mu muna barci. A unguwar Zahir wasu samari sun buɗe shago fes, kwalaben gilashi a jere, wannan da mangwaro, wannan da zabibi, wannan da ruwan wardi, mai sayarwa har da safar hannu kamar likita, yana yi maka bayani kai ka ce magani zai ba ka. Wasu dai kwalliya ce kawai, sukari da kala, in ka sha sai ka nemi ruwa. Amma akwai na gaske. A unguwar Ka'akiyya muka samu wata mata 'yar Damagaram, a ƙofar gidanta take sayarwa, tana haɗa tata da aya da dabino, ɗalibai 'yan Najeriya sun yi layi har bakin titi. Na kurɓa na ji kunya ta kama ni, don na ga tsofaffin kwastomominmu a layin, ɗaya ma ya juya fuska ya yi kamar yana amsa waya. Duk inda muka je sai in sayo in kawo wa Abuya. Kowacce ya sha sai ya yamutsa fuska ya ce ba ta kai tamu ba. Mai mangwaro, mai aya, mai tsamiya, duk magana ɗaya, bai taɓa cewa wannan mai mangwaro ce ba. A nan na gane harshen Abuya ya mutu, kuma ya fi son shagon ya mutu da ya faɗa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tausayi bai zo min ba, haushi ne ya zo. Shekaruna talatin da wani abu, da mata da 'ya'ya, ina tsaye cikin rana ina ba mutane haƙuri kan abin da ba ni na ɓata ba, shi kuwa yana kan kujera yana cewa "ta yi." Na ce tunda a ɓoye ya ƙi ji, zai ji a bainar jama'a.

Duk Juma'a bayan an sauko, abokansa tsofaffi sukan taru a gidanmu su ci abinci. Ran nan na shiga kicin, na ɗebi subiya a jug, na zuba gishiri cokali bayan cokali har sai da ya ƙi narkewa. Kofunan duk suna wajen baƙi, sai na miƙa hannu saman kabad na ɗauko wani farin kofi da ya yi ƙura, na ɗauraye na zuba. Na kai masa a gaban kowa na ce ya ɗanɗana mana sabuwar tukunya. Na riga na gaya wa Nura, yana gefe ya saita waya yana ɗaukar bidiyo. Abuya ya daɗe yana kallon kofin nan, ni kuwa a zuciyata ina cewa tsoro ne ya kama shi. Ya shanye tas, ya ajiye ya ce, "Ta yi. Wannan kam ta yi." Sai na ɗauki ragowar da ke jug na miƙa wa amininsa. Tsohon ya kurɓa ya furzar a kan darduma yana tari yana salati. Na ce musu ga wanda ke yi wa mutanen Makka hukuncin abin da za su yi buɗe-baki da shi. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Abuya ya tashi ya ɗauki kofin ya shige ɗakinsa.

Ni niyyata ta tsaya a ɗakin nan, Allah shi ne shaida. Nura ne ya tura bidiyon a guruf ɗin dangi, daga can ya fita. Kafin sati ya zagayo, masu subiya na unguwa sun sa masa suna Alhaji Gishiri. Mutumin da ake tashi a ba shi wuri a masallaci, yanzu in ya wuce sai ka ji wani ya ce "ta yi," a tuntsire da dariya. Har 'yan uwanmu na Kano da ba su taɓa ganin subiya ba sun turo saƙon murya suna dariya.

Ƙanwata, zan kira ta Asiya, ita ta zo ta same ni a shago ta wanke ni tas. A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe tun wata rashin lafiya da Abuya ya yi shekarun baya ɗanɗano ya ɗauke masa, Ummi kaɗai ya gaya wa. Ita take ɗanɗanawa a kicin, in ta yi sai ta kai masa a farin kofi, in da saura ta kai a shuɗi, shi kuma ya kurɓa a gabanmu ya yanke hukunci, girmansa na nan. Haka suka yi ta yi har ta rasu, daga nan ya koma canka. Asiya ta ce tun ranar jana'iza shi da kansa ya ɗora farin kofin a saman kabad, ba wanda ya sake taɓawa. Ta ce da ya ga na kawo masa a ciki, ya ɗauka Ummi ta bar min wasiyya ne, ya ɗauka na san sirrin, na zo in rufa masa asiri kamar yadda take yi. Shi ya sa ya shanye duka.

Ban ƙaryata ta ba. Amma na tambaye ta, ita da ta sani me ya hana ta gaya min? Me ya hana ta ci gaba da kai masa kofin? Ta ce Ummi ta sa ta rantse, kuma tana gidan mijinta a Ka'akiyya, ba kullum take zuwa ba. Ya'ani kowa ya riƙe amanarsa, ni aka bari da kwastomomi da kumburarriyar leda, yanzu kuma ni ne mugun. Na ce mata da ledar nan ta faɗa hannun masu duba shaguna, da ba dariya za a yi mana ba, rufe mu za a yi, a ƙara da sunan da ya fi Alhaji Gishiri muni. Ta ce ko da an rufe, da ba ɗansa ne ya rufe shi ba.

Yanzu ga azumi ya matso, lokacin da muke cinikin da ke riƙe mu shekara. Samarin Zahir ɗin nan sun neme ni, suna so mu haɗa, su kawo kayan aiki da kwalabe, mu kawo sunan gidanmu, da sharaɗin tsoho ya zauna a gida. Zuciyata tana son haka, ba zan ɓoye ba. Asiya kuma ta ce za ta dawo gida duk watan azumin ta riƙa kai masa kofi kamar Ummi, ni kuma in tsaya a gaban ma'aikatan shago in jira "ta yi" kamar ban san komai ba. To wa za mu yaudara? Duk Misfala ta ga bidiyon.

Na je ba shi haƙuri, na durƙusa, na sumbaci kansa. Ya ce halas, komai ya wuce. Yana amsa gaisuwata, yana wasa da 'ya'yana. Amma shekaranjiya na dawo da shi daga asibiti cikin rana, leɓɓansa sun bushe, na zuba ruwan sanyi na miƙa masa. Ya karɓa ya riƙe, bai sha ba. Ya jira har Asiya ta shigo, ya miƙa mata ya ce a hankali, "Ɗanɗana min, 'yata."

'Yan uwa, ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci. In karɓi tayin samarin nan in ceci shagon, in ƙarasa tsohon? Ko in bi Asiya mu yi wasan da kowa ya riga ya gane? Kuma waɗanda iyayensu ke raye, don Allah ku faɗa min, me mutum zai yi mahaifinsa ya sake shan ruwa daga hannunsa?