Mista Yana Jiran Lamba Tara

Melilla, 14 ga Maris, 1989

Zuwa ga Allal ɗan Buzian,

Daga ofishin shugaban ƙungiyar ƙwallo ta Tauraron Gaɓa, Don Eusebio Carreño, mai jiragen kamun kifi uku da tumbi ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah Ya kare ku daga sanyin Jamus, Ya ƙara rufin asiri, amin. Mutanen gidanku suna nan. Ƙafar mahaifiyarka Tleitmas ta yi sauƙi, ƙanwarka Luiza ta haifi namiji. Ƙaninka Hammu kuwa yana nan yadda ka bar shi, ba aikin fari sai tsokana, tun da ya ajiye allo bai sake riƙe abin kirki ba.

Maganar mahaifinka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san shi ka san tarihinsa. Shekara goma sha huɗu yana tsaron baya a Linares da Motril da Jaén, har ranar da gwiwa ta ba shi kunya a filin tsakuwa. Ya koma koci, ya zaga garuruwa bakwai, aka kore shi a shida, ya dawo gida ya karɓi ƙungiyarmu. Duk garin nan ba mai kiran sunansa, Mista kawai ake cewa. Na san ba ka manta ranar wasan hawa rukuni na gaba ba, da ya bar ka a benci minti casa'in don kada a ce yana fifita ɗansa. Ka tuɓe riga mai lamba tara ka jefar a gabansa, ka hau jirgi. Shekara takwas ke nan, duk wasiƙar da aka aiko daga gida dawowa take a rufe.

A watan Janairu muka kore shi, bayan an ci mu sau biyar a jere. Ba wanda ya kula cewa ya fara kiran 'yan wasa da sunayen mutanen da suka daina buga ƙwallo tun tuni. Ya zauna a gida ba ci ba magana. Sai wannan shaƙiyyin Hammu ya ga wai bari ya ba shi dariya. Ya je wayar shagon shayi, ya kira gida, ya rufe bakinta da hankici, ya kumbura murya, ya ce shi shugaban wata ƙungiya ne a Almería, suna neman Mista ya ƙetaro. Nufinsa da la'asar ya shigo gida da muryar nan, tsoho ya bi shi da takalmi kamar da, a yi dariya a sha shayi.

Ko da ya shigo, ya tarar Baba ya yi aski, an goge masa kwat, ya sa usur da littafinsa cikin jakar nan mai ruwan ƙasa. Yau kwana arba'in, kullum da safe yana bakin tashar jirgin ruwa da jaka a cinya. Hammu ya durƙusa a gabansa ya faɗi gaskiya, har ya maimaita muryar. Tsoho ya shafa kansa ya ce kai ɗan banza, ashe ka iya kwaikwayon shugaba haka. Washegari ya ɗauki jaka. 'Yan dako da farko suna yi masa ba'a, suna cewa Mista yau ma jirgin ya ci ka ɗaya da nema. Yanzu sun bari, sai su gasa masa kifi su ajiye a gefensa. In aka ce ya hau ko ya koma gida, sai ya ce wane mahaukacin koci ne zai ƙetare teku da mutum goma, lamba taransa bai iso ba.

Kowace Lahadi yana rubuta jerin 'yan wasa a littafin nan. Sunaye suna ta zubewa. Makon jiya saura huɗu, biyu ma sun rasu. Likita ya ce abin ba ya komawa baya. Ranar Juma'a ya dubi Inna ya tambaye ta cikin ladabi ko ita matar waye ce. Ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba. Naka sunan dai bai taɓa faɗuwa ba, kuma ya ce in ka zo a gaya maka wannan karon da kai za a fara, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Ban san Lahadi nawa ta rage ba.

Ka gaida Anti Mimunt da yara, Yamina da ƙaramin Buzian wanda kakansa bai taɓa gani ba. Inna da Luiza da Kawu Mohand suna gaishe ka.

Yaya, na san ka gane tun a layi na uku. Yaushe Don Eusebio ya taɓa cewa amin? Ambulan da hatimin daga ofishinsa na sato su, don na san da sunana ba za ka buɗe ba. Da muryar shugaba na kai Baba bakin teku, na rasa muryar da zan dawo da shi. In ka zo ka mare ni a gaban kowa, na yarda. Jirgin Almería yana shigowa ƙarfe takwas na safe, za ka same shi a benci na biyu daga ƙofa. Rigarka tana cikin jakar.

Ƙaninka,
Hammu