Akwatin da Ke Bangon Ɗakin Girki

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai takwararki da tarin nan bai sake ta ba. In ta ja numfashi, ƙirjinta kamar ana jan zarto a ɗanyen katako.

Kin san ni da biro sai dole. Wasu mutane ne suka zo daga babban asibiti, wai suna binciken abin da ke kawo wa yara ciwon ƙirji. Wata malama mai jaka a baya ce ke bi gida gida. Ta auna takwararki, ta tambayi da me muke girki, da inda yarinyar take in uwarta na bakin murhu. Aka ce mata a baya take, a goye. Ta ba mu kati, duk ranar da jikinta ya tashi a kai ta a duba kyauta. Wannan na gode. Amma sai ta fito da wani ɗan akwati kamar sabulun wanki, ta ce tunda ni kafinta ne in kafa mata ƙusa a bangon ɗakin girki. Wai hayaƙi yake aunawa.

Da ta tafi na tsaya na ƙare masa kallo. Yana da 'yar fitila mai ƙiftawa, da ƙananan huji a gaba irin na bakin waya, kuma in ka kai kunne yana ɗan gurnani. Direban da ke ɗakin kusa da namu ya rantse magana yake ɗauka. Ban cika yarda da direba ba, a bakinsa tayar mota ma tana da aljani. Amma hujin nan sun tsaya min a rai. Mutum ya bar ofishinsa mai sanyi, ya ba ka kati kyauta, wai hayaƙinka kawai yake so?

Ƙanwarki, uwar yarinyar, ta ce in cire shi. Na ce in ya tafi katin zai bi shi, mu dai zuba ido.

Ki gaishe da kowa.
Ƙaninki, Autan Inna

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da kika ce kina takawa har kasuwa.

Kin ce kada mu faɗi abin da ba ma so a ji a gaban akwatin. To, kin san ƙanwarki, a bakin murhu take sauke duk abin da ke cikinta ita da matar direba: mai gidan haya, maƙwabta, danginmu. Ban da ke, in ji ta. Ta gwada girki shiru, har miyar ta canza ɗanɗano. Rannan na dawo daga aiki na tarar ta kinkimo murhun ta dasa shi a tsakar gida, ta bar wa akwatin ɗakin ya saurari ƙadangaru.

Akwai abin da na lura da shi, ke kaɗai nake gaya wa don gudun baki. Tunda aka koma waje idon takwararki ya daina ja, majinarta ta daina fitowa baƙa, ƙarar ƙirjin ta ragu. Ban san ko maganin asibiti ne ko wani abu ba. Ina kallo dai.

Damuwar ita ce yanzu malamar ce ke zarginmu. Ranar zuwanta sananniya ce, sai ƙanwarki ta mayar da murhun ciki kafin ta iso, ta share tokar waje. Malamar ta duba akwatin, ta ɓata rai, ta canza wani. Da ta sake zuwa ta shafa bayansa ko an rufe shi da tsumma, ta leƙa tukwane, ta tambaya cikin ladabi ko muna samun abin ɗorawa kuwa. Kunya ta kama ni. Direba ya ce gidan da akwatinsu bai kawo labari ba ƙwace katin ake yi. In haka ne, ranar da tarin ya dawo ban san ƙofar da zan nufa ba.

Ki sa mu a addu'a.
Autan Inna

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. A gaida maigidan, a shafa min kan yara.

An kama mu. Malamar ta zo ba ranarta ba, ta tarar da ƙanwarki a tsakar gida tana fifita wuta. Ta tambayi dalili, ƙanwarki ta ce mata a ido, ba za ta yi girki a gaban munafuki ba. Malamar ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Sannan ta sauke akwatin, ta buɗe shi a gabana. Wata 'yar farar takarda ce a ciki, iska na bi ta kanta. Tamu fes take. Ta nuna min hoton wadda aka ciro a wani gida, ba ta faɗi na wa ba, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ta ce abin da yaro ke shaƙa ke nan. Ta ce katin namu ne, mu yi girki inda muka ga dama, mu dai riƙa gaya mata gaskiya, kuma in so samu ne mu zauna a wajen.

Sai dai ƙanwarki rabin maganar ta ɗauka. Tunda akwatin ba ya ji, ga damina ta sauka, washegari ta mayar da murhun ciki. Kafin a sauke tukunya takwararki ta fara tari. Na yi mata zancen baƙar takardar, ta ce ita ma a hayaƙi aka goya ta, ga ta da ranta. Na bari ta gama. Can na ce, ni dai gaban akwatin malamar ta buɗe, wa ya ga abin da ke bayansa? Yaya, ban rufe baki ba ta kinkimi murhun da wutarsa ta fita, ni na bi ta da kwanon rufi ina tare mata yayyafi.

Ba ƙarya na yi ba, ban ga bayan ba. Na dai fara kafa mata rumfa da ragowar katako a jikin katanga, mai buɗe ta kowane gefe. In kin zo kada ki wanke akwatin nan daga zargi a gabanta sai na gama rufi.

Takwararki na barci a gefena yanzu. Na kai kunne ƙirjinta, ban ji komai ba sai numfashi.

Ƙaninki,
Autan Inna