Inuwa a Bakin Ramin Dalma

Litinin, 8 ga Mayu, 2023

Yau na ga abin da na daɗe ina tsoro. Wata mata mai suna Sahura, ɗaya daga cikin waɗanda suka gudo mana daga ƙauyukan yamma, tana haƙar ƙasa a filin bayan gidan Sodangi. Katanga za ta tayar. Ba ta san cewa a nan aka binne ƙasar dalma ba. Ta ina za ta sani? Bayan mutuwar yaran nan ta 2010, masu aikin agaji sun kankare ƙasar tsakar gidajenmu, inda ake niƙa dutsen zinariya, suka zuba a rami ɗaya, suka rufe da jar ƙasa, suka kafa allon gargaɗi. Allon tuni ya zama marfin akurkin wani.

Na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To Malam, ina ƙasar da ba ta kisa? Mu inda munka baro, mutane ka kisa."

Na dai roƙe ta ta wanke hannun yaran.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na tabbatar daga bakin mutum biyu, hakiminmu da Mas'ud na ofishin filaye a Anka: akwai shawarar yanka filin a raba wa masu gudun hijira. Ba mugunta ba ce, shi ne fili mafi kusa da gidaje da babu mai shi. Amma a Tungar Sambo ba a sayo ƙasar gini. Inda aka ba ka, nan kake haƙawa ka buga tubali. Duk wanda aka ba wa fuloti a can, da gubar zai gina ɗakin da 'ya'yansa za su yi rarrafe.

Mas'ud ya ce hanya ɗaya ce: a nemi izinin mayar da wurin kurmin jama'a, wato itatuwa da wurin shan inuwa. In an rubuta shi haka, ba a sake yanka shi. Sharaɗi, sai duk wanda katangarsa ta yi iyaka da filin ya yarda.

Gida huɗu ne. Uku ba ni da shakkarsu. Na huɗun Sodangi.

Juma'a, 19 ga Mayu

Bayan masallaci hakimi ya ba ni dama na yi magana. Na shirya ta kamar yadda nake shirya labari lokacin ina gidan jarida: abin da ya faru, abin da zai faru, abin da ake nema. Ba za a dasa komai a kan ramin kansa ba sai ciyawa, don kada saiwa ta fasa murfin. Itatuwa za su kewaye shi. Babu mangwaro, babu kurna, babu duk abin da yaro zai tsinka ya ci. Darbejiya da maɗaci kawai.

Sodangi bai ko tashi tsaye ba. "Abdulmajid, mu da anka hana mu shuka dawa da gero kusa da gida don kada mutanen daji su laɓe, kai kurmi za ka kawo muna? Ka gina musu zaure ma, su sha ruwa kahin su shigo."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi. Sai dai gaskiya ce: shekara biyu ke nan gyaɗa da wake kawai ake shukawa a gefen gari, abin da bai wuce gwiwa ba. Kafin nan, daga cikin dawa aka fito aka tafi da ƙanensa Tsoho. Har yau shiru.

Na ce tsoro ba hujja ba ne. Bai kamata in faɗe ta haka ba, a gaban mutane.

Lahadi, 21 ga Mayu

Nusaiba 'yar ƙanwata ta faɗi sau biyu yau, ciwon farfaɗiyarta ya tashi. Inna ta riƙe mata kai har ya sake ta.

Talata, 30 ga Mayu

Na je Anka. Mas'ud ya karɓi takardar, ya duba zanen da na yi da biro, ya ce gwanda da na tsaya a aikin jarida. Ya ƙara sharuɗɗa, kuma duk masu ma'ana ne: tazara mai faɗi tsakanin itatuwa, a riƙa sassabe rassan ƙasa har su wuce tsayin mutum, kada a bar sarƙaƙiya. Uban ƙasa ya sa albarka. An ce in kurmin ya tabbata, za a ba masu hijira tudun bayan makaranta. Ya fi nisa da rijiya, amma ƙasarsa lafiyayya ce.

Saura Sodangi. Mas'ud ya ce ba zai iya riƙe maganar yanka filin har bayan damina ba, mutane na kwana a ajujuwan makaranta.

A mota na yi ta tunanin Nusaiba. 'Yar ƙanwata ce, shekararta biyu lokacin da gubar ta shigo gari. Ta rayu, sa'o'inta da yawa ba su rayu ba. Yanzu tana da sha biyar, kalmominta ba su da yawa, kuma duk yininta a gindin darbejiyar bayan katangarmu take yi, wadda Baba ya dasa. Na rubuta labarin yaran nan a lokacin, an buga a shafin farko. Bai hana kowa haƙa ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na sami Sodangi yana gyaran garma. Na ba shi haƙuri kan maganar masallaci. Ya ce ya manta, wato bai manta ba.

Abin da na riƙe daga hirar: "Kai diyar ƙanwarka tana nan kana ganinta. Ni biyu na kai makwanci cikin sati guda. Kada ka koya mini dalma." Can kuma: "Dalma sannu taka kisa. Waɗancan ko ba su jira."

Na ce itace mai tazara ba ya ɓoye mutum. Ya nuna wata tsohuwar bagaruwa da haɓa, ya ce in je in tsaya bayanta ya gani ko zai hango ni. Ban je ba. Wasan yara ne, na ce a raina.

Laraba, 21 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi. Inda Sahura ta haƙa ya zama kududdufi, yara na wanka a ciki. Na kore su, na juya baya suka dawo. Matata Uwani ta ce in daina yi wa 'ya'yan mutane tsawa, ana cewa mijinta ya fara taɓuwa.

Na tara ƙaya na rufe bakin wurin. Zuwa la'asar an kwashe an yi girki da ita.

Alhamis, 29 ga Yuni

Sallah ta wuce ba armashi. Na aika wa Sodangi cinya, ya aiko mini da haƙarƙari. Maganar fili ba wanda ya tayar.

Asabar, 8 ga Yuli

Mutanen daji sun shigo jiya bayan la'asar. Zan rubuta abin da na gani da idona kawai.

Ina tsakar gida na ji babura daga wajen rafi, sai harbi. Uwani ta ja Inna ɗaki. Na tuna Nusaiba tana waje. Na fita ta ƙofar baya na same ta zaune inda ta saba, tana wasa da 'ya'yan darbejiya. Na ɗauke ta kamar jaririya, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Muka shige ɗaki muka kwanta a ƙasa har 'yan sa-kai suka iso.

An kora shanun gida uku. An harbi Shitu mai shayi a ƙafa, yana asibitin Anka. Ba a tafi da kowa ba. Kowa na cewa an auna arziki.

Daga cikin itatuwan marke na bakin rafi suka fito. Wannan ban gani ba, amma duk wanda na tambaya haka ya ce.

Lahadi, 9 ga Yuli

Da safe na zagaya bayan katanga. A gindin darbejiyarmu, ta ɓangaren da ba a gani daga ƙofa, akwai sawun takalmin roba a cikin laka, ya nutse sosai kamar na wanda ya daɗe a tsaye. Da guntun taba. Da kwanson harsashi ɗaya.

Ban san ko yana nan lokacin da na fito ɗaukar ta ba. Babu yadda za a yi in sani. Mai yiwuwa bayan mun shige ya zo. Na maimaita wa kaina wannan har na gaji.

Na jefa kwanson a masai. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 12 ga Yuli

Mas'ud ya kira yana jaje. Ya tambayi maganar kurmi. Na ce a ɗan dakata tukuna.

Talata, 18 ga Yuli

Ƙaramin ɗan Sahura, Mujahid, ya fara amai da sanƙarewa. An kai shi Anka, an ɗebi jini. Ba a ce dalma ce ba, zazzaɓin damina ma yana yin haka, kuma ba zan rubuta abin da likita bai faɗa ba. Amma matan da suka ga 2010 ba su jira likita. Inna ta ji labarin ta ajiye carbi, ta ce, "Abin nan ya dawo."

Sodangi ne ya ɗauke su a babur ɗinsa. Wai shi ya fara jin kukan uwar ta kan katanga.

Alhamis, 20 ga Yuli

Sodangi ya zo da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Ina takardar taka?"

Na ce ai bayan abin da ya faru ban ga fuskar da zan sake kawo masa ita ba. Na ce watakila shi ke da gaskiya tun farko. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Gaskiyata tana nan, ba ta tahi ko'ina ba. Amma na riƙe yaron ga bisa babur, jikinai na sanƙarewa kamar na Sufyanuna. Ba ni iya sake jin kukan ga ta bayan ɗakina. Kawo in dangwala."

Ya dangwala. Ya ce sassabe rassan shi zai riƙa yi da kansa, bai yarda da gatarin 'yan boko ba. Kuma in wani abu ya fito daga cikin kurmin, gidana zai nuna masa.

Ya kamata in yi murna. Na yi masa godiya dai.

Talata, 25 ga Yuli

Izini ya fito. Mas'ud ya miƙo mini yana cewa, "Ka ci nasara, ɗan jarida." Filin bayan gidan Sodangi ya zama kurmin jama'a, ba gini, ba haƙa. Masu hijira za su koma tudun makaranta. Na biya asibiti: Mujahid ya farfaɗo, yana shan kunu. An samu dalma a jininsa, an fara ba shi magani, an ce a kawo 'yan'uwansa a gwada. Sahura ta matsa mini a benci.

A hanyar dawowa na lura ina duban kowane itace da muka wuce, ina auna kaurinsa da faɗin kafaɗar mutum. Gajiya ce.

Asabar, 29 ga Yuli

An dasa yau. Ƙasa ta jiƙu, dashen zai kama. Hakimi ya yi addu'a, Sodangi ya sa na farko, maɗaci, daidai saitin tagarsa. Ni na riƙe igiyar awo. Na ƙara tazarar fiye da yadda izinin ya ce, har dashe ya yi saura. Da aka tambaya na ce saboda saiwa ne.

Shekaranjiya na sa an sare darbejiyar Baba. Rassanta na taɓa kwanon ɗaki, kuma ga iskar damina. Haka na gaya wa Inna. Ta ce shekara arba'in suna taɓawa.

Da muka dawo daga dashe Sodangi ya bi ta bayan gidana. Ya tsaya ya dubi kututturen, ya dube ni. Na jira baƙar magana, na ma shirya amsa. Sai ya ce, "Itacen girki ya samu," ya wuce.

Nusaiba ba ta canja wuri ba. Tana can zaune a kan kututturen, cikin rana, tana ɗaga kai sama. Na kai mata malafata. Daga bakin ƙofa yanzu ana hango ta, ana hango har rafi, babu abin da ya tare.

Na ce wa Uwani hasken ya yi kyau.